Yadda Gidan su Abraham Lincoln Suka Zubar da Asalinsu a Hanyar Ƙaura

Yau tarihin baƙin da suka sare daji suka kafa ƙauyuka a Amurka za mu leƙa, kuma gida ɗaya tal zan bi, domin a ganina labarin gida ɗaya ya fi jerin yaƙe-yaƙe da sunayen janar-janar nuna yadda rayuwar nan ta kasance.

A farkon shekarar 1848 wani mutum mai sha'awar tarihi, Solomon Lincoln, mazaunin garin Hingham a jihar Massachusetts, ya ji labarin akwai wani ɗan majalisar wakilai daga jihar Illinois mai suna irin nasu. Sai ya aika a tambayo masa asalinsa, ko Allah zai sa dangi ne. Wannan ɗan majalisa shi ne Abraham Lincoln, yana da shekara 39 a lokacin, saura shekara 13 ya zama shugaban ƙasa. Amsar da ya mayar a watan Maris gajera ce. Ya san sunan ubansa Thomas, ya san sunan kakansa Abraham, ya taɓa ji sama-sama cewa uban kakan nasa daga Pennsylvania ya koma Virginia, wai kuma ɗan ɗarikar Quaker ne. Iyakar saninsa ke nan. Dalilin da ya bayar shi ne ubansa ya tashi maraya cikin talauci a sabuwar ƙasa, bai yi karatu ba. Bayan shekara goma sha ɗaya, da aka nemi ya rubuta taƙaitaccen tarihinsa, ya ce an yi ƙoƙarin haɗa su da Lincoln na Massachusetts amma ba a sami komai ba illa kamannin sunaye, su Mordecai da Solomon da Abraham da ke maimaituwa a gidajen biyu.

Alhali kuwa dangi ne na jini. Har ya mutu bai sani ba.

Tushen gidan wani yaro ne, Samuel Lincoln, ɗan koyon saƙa daga yankin Norfolk a Ingila, wanda ya biyo maigidansa cikin jirgin ruwa a 1637 yana ɗan shekara goma sha biyar ko kusa da haka, ya zauna a Hingham ɗin nan ta Massachusetts har ya rasu a 1690. Ɗansa Mordecai maƙeri ne. Jikansa, shi ma Mordecai, ya gangara New Jersey, daga can ya wuce Pennsylvania, inda ya gina gidan dutse a 1733. A nan suka yi maƙwabtaka da gidan su Daniel Boone, shahararren maharbin nan, har auratayya ta shiga tsakaninsu a 1760. Su Boone ɗin su ne 'yan Quaker na asali, har ma majami'arsu ta tsawata wa yarinyar saboda ta auri wanda ba ɗan ɗarikar ba. Ka ga ke nan abin da Abraham ya ji a bakin manya yana da ƙamshin gaskiya, amma ya karkace a hanya. Ɗan Mordecai na biyu, John, ya kwashe iyalinsa zuwa kwarin Shenandoah a Virginia a 1768, ya sayi eka 600. Cikin 'ya'yansa akwai Abraham, kakan shugaban ƙasa, wanda ya kai muƙamin kyaftin a dakarun sa-kai, ubansa kuma ya yanka masa eka 210.

Mai karatu zai lura waɗannan ba fakirai ba ne. Masu sana'a ne, masu gona. Abin da ke tayar da su lissafi ne mai sauƙi: mutum ya haifi 'ya'ya tara ko goma, ƙasa ta yi tsada a inda yake, gaba kuma can yamma ana sayar da ita arha. Sai ya sayar da eka ɗari biyu a nan ya sayi dubu a can. Haka kyaftin Abraham ya yi. Ya sayar da gonarsa a 1780, ba da jimawa ba ya tsallaka tsaunukan Appalachia da matarsa Bathsheba da 'ya'ya biyar, suka shiga Kentucky, inda ya tara takardun filin da ya haura eka 5,000.

To amma ƙasar nan mai arha tana da masu ita. Mutanen da finafinan kaboyi suka koya mana kira Indiyawan daji al'ummomi ne masu garuruwa da gonakin masara da shugabanni, kuma Kentucky dajin farautar Shawnee ne da Cherokee. A 1763 Sarkin Ingila ya hana Turawa zama bayan tsaunukan, ba wanda ya saurare shi. A 1768 ƙabilun Iroquois, waɗanda ke can arewa, suka sa hannu a yarjejeniyar Fort Stanwix suka sallama wa Ingila ƙasar da ba su ke zaune a kanta ba, ba a ko shawarci Shawnee ba. A 1775 wani kamfanin 'yan baranda na Richard Henderson ya sake sayen yankin daga wasu shugabannin Cherokee, ya ɗauki Daniel Boone ya sare hanya ta mashigin Cumberland. Ta wannan hanya jama'a suka yi ta kwarara, har ƙidayar 1790 ta sami mutum sama da 73,000 a Kentucky, ta 1800 kuma sama da 220,000. Shawnee suka ɗauki makami, kamar yadda kowa zai yi. Boone kansa ya rasa ɗansa James a 1773, ya rasa Israel a yaƙin Blue Licks a 1782.

A nan ya kamata in ɗan tsaya. Kada kalmar baƙi ta sa mu haɗa su da kakanninmu da suka zo Kurmi. Fataken goro da shanu da suka kafa Sabo a Ibadan ko suka zauna a Agege wurin zama suka roƙa a hannun masu gari, suka zauna a gefensu suna ciniki. Waɗancan kuwa ƙasar ce gaba ɗaya suka zo karɓa, kuma sun karɓe. Inda muka yi kama da su wuri ɗaya ne, kuma za mu zo kansa.

A watan Mayun 1786 kyaftin Abraham yana aiki a gonarsa da ke Long Run, kimanin mil ashirin gabas da Louisville, tare da 'ya'yansa maza uku, sai aka harbe shi daga cikin kurmi, ya faɗi nan take. Babban ɗan, Mordecai, mai shekara goma sha biyar, ya ruga bukka inda bindiga take. Na tsakiya, Josiah, ya sheƙa sansanin Hughes neman gudunmawa. Ƙaramin, Thomas, ɗan shekara takwas, ya tsaya kan gawar ubansa ya rasa abin yi. Wani mutum ya fito daga dajin ya nufo yaron, ko zai kashe shi ne ko zai ɗauke shi, Mordecai ya leƙo ta tsakanin gungumen bukkar, ya auna wani adon azurfa da ke rataye a ƙirjin mutumin, ya harbe shi. Thomas ya yi ta ba da wannan labari a bakin murhu har tsufansa, kuma ɗansa ya rubuta wa wani ɗan'uwansu a 1854 cewa duk cikin labaran gidansu babu wanda ya zauna masa a rai kamar wannan. Duk da haka ko shekarar abin bai riƙe daidai ba. Shi a saninsa wajen 1784 ne, ubansa yana ɗan shekara shida. Takardun kotu ne suka nuna 1786.

Abin da ya biyo baya shi ne ya raba gidan biyu. Kyaftin bai bar wasiyya ba, kuma Kentucky a lokacin yanki ne na Virginia, inda tsohuwar dokar Ingila ke aiki: idan mutum ya mutu ba wasiyya, ƙasarsa duka ta babban ɗa namiji ce. Majalisar Virginia ta riga ta soke wannan doka a 1785, amma sokewar ba ta fara aiki ba sai ranar 1 ga Janairun 1787. Wato da mutumin ya ƙara wata takwas a duniya da an raba. Mu da muka saba da rabon gado mai ba kowane ɗa da 'ya kasonsa, wannan abu zai ba mu mamaki, amma haka aka yi. Mordecai ya gaje ƙasar, ya zama mai abin hannu, mai kiwon dawakai. Thomas ya tashi yana yawon ƙwadago a gonakin mutane, ya koyi aikin kafinta, da ƙyar yake iya rubuta sunansa.

Marubutan farko da suka rubuta tarihin shugaban sun mayar da Thomas malalaci, mara alƙibla, mai tashi daga nan ya faɗa can. Ni ban yarda da wannan hukunci ba, kuma takardun gundumar Hardin ba su goyi bayansa ba. Maraya ne da ya tara kuɗi da guminsa har ya sayi gonar eka 238 a Mill Creek a 1803. Ya auri Nancy Hanks a 1806, aka haifi Sarah a 1807. A Disambar 1808 ya biya dala 200 ya sayi gonar Sinking Spring mai kimanin eka 300, inda aka haifi Abraham ranar 12 ga Fabrairun 1809. A jerin masu biyan haraji na 1814 shi ne na 15 cikin mutum 98. Malalaci ba ya kai nan. Takarda ce ta karya shi, sau uku.

Ga yadda tsarin yake. A ƙarƙashin dokar Virginia ta 1779, mutum zai sayi takardar izinin eka kaza daga gwamnati, sannan ya shiga daji da kansa ya zaɓi inda yake so, ya rubuta a ofis, ya nemo ma'auni ya auna masa. Iyakokin kuwa da bishiya da dutse da rafi ake kwatanta su: daga wannan itacen mai sara uku zuwa bakin wancan rafi. Itace yana faɗuwa, rafi yana sauya hanya, ma'aunin wani lokaci yana sauri ne don tsoron harbi. Gwamnati kuma ta sayar da takardu fiye da ƙasar da ke akwai. Sai ya zama fili ɗaya mutum uku ko huɗu kowa na riƙe da takardarsa, suna hawa kan juna kamar jinka. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu a bayan garin Ikko ya san ƙarshen irin wannan: mai kuɗin lauya shi ke ci.

Gonar Mill Creek, da Thomas ya zo sayarwa a 1814, sai aka ga eka 200 kawai takardar za ta iya tabbatarwa, 38 sun bi iska saboda kuskuren awo. Ta Sinking Spring kuwa ashe wanda ya taɓa riƙe ta kafin a sayar masa bai gama biyan mai ita na farko ba, aka shiga kotu, gona ta tafi. Ya koma Knob Creek a 1811 yana noma eka 30, nan ma magadan wani attajirin Philadelphia suka taso da takardar eka 10,000, suka kai shi ƙara tare da maƙwabtansa tara, a tashe su. Ba shi kaɗai ba ne. Daniel Boone da ya buɗe wa kowa hanya, shi ma shari'o'in fili da bashi suka cinye shi, ya bar Kentucky a 1799 ya koma Missouri, wadda a lokacin ke hannun Sifaniya.

A Disambar 1816 Thomas ya haye kogin Ohio da matarsa da 'ya'ya biyu, suka bar kabarin jaririnsu a Knob Creek. Ɗan ya bayyana daga baya cewa ƙin bauta na cikin dalilan, domin Kentucky ƙasar bayi ce, Indiana kuwa an hana, amma babban dalilin rikicin takardun fili ne. A arewacin kogin dokar 1785 ce ke aiki: gwamnatin tarayya ta fara auna ƙasa kafin ta sayar, ta yanka ta murabba'i mai mil shida kowane gefe, kowanne a kasa shi 36, kowane kaso eka 640. Fili yana da lamba, ba ruwansa da bishiya. A Oktoban 1817 Thomas ya je ofishin filaye na Vincennes ya yi rajistar eka 160 a kan dala biyu kowace eka, biya kaɗan-kaɗan. Sai 1827 ya sami cikakkiyar takarda, ita ma ta rabi, eka 80. Wannan ƙasa mai tsabtar takarda ita ma a 1804 gwamna William Henry Harrison ya karɓe ta daga ƙabilun Delaware da Piankeshaw.

Wurin da suka sauka, Little Pigeon Creek, kurmi ne mai duhu. A cewar Dennis Hanks, ɗan'uwan Nancy, rumfa mai bango uku suka fara yi, gefe na huɗu a buɗe da wuta tana ci dare da rana, kafin a gama bukkar gungume mai ɗaki ɗaya. Yaro ɗan shekara bakwai aka miƙa masa gatari, kuma bai rabu da shi ba sai da ya haura ashirin. Abinci masara ne da naman daji, ruwa sai an yi tafiya mai nisa. Karatun da ya yi a makaranta, in an tattara, bai kai shekara guda ba.

A ƙarshen bazarar 1818 wata cuta ta shigo ƙauyen, wadda suke kira ciwon madara. Akwai wani tsiro mai farin fure da ke fitowa a inuwar kurmi. Idan ciyawa ta yi ƙaranci shanu kan ci shi, gubar ta bi nono da nama ta shiga jikin mutum, sai amai da ƙishirwa da kasala, cikin mako guda a rasu. Su dai sun lura cutar na da alaƙa da shanu masu karkarwa, amma ba su san tsiron ba ne, kuma sai a 1928 masana suka tace gubar suka tabbatar. Ta fara ɗauke Thomas Sparrow da matarsa Elizabeth, 'yar'uwar mahaifiyar Nancy, waɗanda suka biyo su daga Kentucky. Ranar 5 ga Oktoba ta ɗauke Nancy, tana da shekara 34. Mijinta kafinta shi ya yi akwatin gawar da hannunsa. Mai wa'azin da zai yi mata addu'a sai bayan watanni ya iso. Allah Sarki, Sarah 'yar shekara goma sha ɗaya ita ta koma uwar gida, tana dafa wa ubanta da ƙanenta da Dennis.

Bayan shekara guda Thomas ya bar yaran ya koma Elizabethtown a Kentucky, ya sami wata bazawara da ya sani tun dā, Sarah Bush Johnston, ya biya 'yan basussukan da ke kanta, aka ɗaura aure ranar 2 ga Disambar 1819. Ta zo da 'ya'yanta uku da keken doki cike da kaya: teburi, kujeru, katifun gashin tsuntsu. Ta tarar da yara cikin tsumma da dauɗa, ta wanke su, ta sa mijin ya shimfiɗa katako a ƙasan ɗakin ya gyara ƙofa. Mutum takwas a ɗaki ɗaya, 'ya'yan miji da agololi da ɗan riƙo, kuma duk shaidun da suka rage sun nuna ba ta bambanta su ba. Mu da muka cika tatsuniyoyinmu da muguntar kishiyar uwa, ga wata da ba ta iya karatu ba amma ita ce ta tsaya wa yaron a bar shi da littafinsa. Mama yake kiranta har ƙarshe.

Tsakaninsa da uban kuwa abin bai yi daɗi ba. Doka ta ba uba ladan aikin ɗansa har ya kai shekara 21, Thomas kuma ya yi ta tura shi ƙwadago yana karɓar kuɗin. 'Yar'uwarsa Sarah ta rasu wajen haihuwa a Janairun 1828. A Maris na 1830, da jin ciwon madara ya sake ɓullowa, gidan duka su goma sha uku suka ɗaura shanu a keke suka nufi Illinois. Ƙaura ta bakwai ke nan tun daga Ingila, cikin shekara 193. Shekara ta zagayo Abraham ya kama gabansa. Ya taimaki uban da kuɗi, har a 1841 ya sayi eka 40 na gonarsa a kan dala 200 ya bar musu su ci gaba da amfani da ita muddin ransu, amma da Thomas ya kwanta ciwon ajali a Janairun 1851 bai je ba, bai kuma halarci jana'iza ba. Matar uban ce ya yi tattaki ya je ya yi wa sallama a ƙarshen Janairun 1861, kafin ya tafi Washington.

Yanzu ga inda na ce mun yi kama. Dubi inda sarƙar ta tsinke. Zuriya huɗu na farko suna da wasiyya a rubuce, da takardun gona, da rajistar majami'a. Mutum ɗaya ya mutu yana da shekara 42 kafin ya zaunar da ƙaramin ɗansa ya faɗa masa su wane ne su, yaron bai yi karatu ba, ya yi nisa da 'yan'uwan ubansa da suka rage a Virginia, shi ke nan shekara 150 ta goge. Ɓangaren uwa ya fi ma duhu, domin har yau ana jayayya kan wane ne mahaifin Nancy Hanks. Ka tambayi saurayin da aka haifa a Sabo ko Idi-Araba ko Ama Hausa ta Owerri daga ina kakansa ya zo, sau da yawa amsar ba ta wuce Kano ko Katsina. Wane ƙauye, wace unguwa, gidan wa, sai ya ce sai dai a tambayi Hajiya. Hajiya kuwa ta haura tamanin. Su Lincoln sun ci sa'a magatakardan kotu sun ajiye musu abin da suka manta. Yawancin kakanninmu sunayensu ba su shiga irin wannan rajista ba, abin da ke akwai yana bakin tsofaffi ne.

Yaron da takardun fili suka kori ubansa ya yi aikin awon ƙasa daga 1833, ya zama lauya, kuma a matsayin shugaban ƙasa ya sa hannu ranar 20 ga Mayun 1862 a dokar da ta ba duk wanda ya zauna shekara biyar ya noma fili eka 160 kyauta, sai 'yan kuɗin rajista. Kimanin eka miliyan 270 aka raba ta wannan hanya kafin a rufe shirin a 1976, Alaska kuma a 1986. Filayen na wasu ne kafin nan. A cikin shekarar ta 1862 mutanen Dakota suka yi tawaye a Minnesota saboda yunwa da karya alkawari, kotun soja ta yanke wa 303 hukuncin kisa, Lincoln ya duba takardun ya rage, aka rataye 38 rana ɗaya a Mankato, ranar 26 ga Disamba.

Kabarin Nancy ya zauna ba alama ta kirki har 1879, shekara 61, kafin a kafa masa dutse. A 1909 wasu masu bincike biyu, Lea da Hutchinson, suka buga littafin da ya jera sunayen tun daga Samuel ɗan koyon saƙa har zuwa shugaban ƙasa, a 1919 kuma aka kafa mutum-mutuminsa a cocin Hingham ta Ingila, garin da bai san nasu ba ne. Cikin 'ya'yansa huɗu Robert kaɗai ya yi tsawon rai har ya haihu, kuma tattaɓa-kunnensa na ƙarshe, Robert Todd Lincoln Beckwith, ya rasu a Disambar 1985.